Masu Gida a Baƙunci: Tarihin Mutanenmu na Kudu da Kano Pillars



Kusan kowace Sabo da kowane zango a wannan yanki akwai dattijo guda da aka sani da Pillars. Wani goro yake sayarwa a Agege, wani ɗan canji ne a Sabon Ibadan, wani yana kan buhunan albasa a Mile 12, wani kuma mahauci ne a Fatakwal. Ya yi shekara talatin ko arba'in a nan, 'ya'yansa sun fi shi jin Yarbanci ko Ibo, jikokinsa wasu ma ba su taɓa ganin Dala ba. Amma ranar Lahadi in la'asar ta yi, jikinsa ne kawai a rumfa, hankalinsa yana Ƙofar Mata. Samari kan zolaye shi, su ce, "Baba, ana zancen Real Madrid kai kana zancen Pillars?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da latsa waya yana neman wanda zai gaya masa nawa da nawa ake ciki. Mun ga ya dace mu rubuta wa samarin nan abin da dattijon ya gani, don su san inda wannan naci ya samo asali.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, babbar nasarar farko da ƙwallon Kano ta samu a Ikko aka same ta. Kofin ƙalubale na ƙasa, wanda a lokacin ake kira Kofin Gwamna, an fara shi a 1945, kuma shekara takwas a jere ƙungiyoyin Legas ne kaɗai ke ɗaukarsa, irin su Marine da Railways. Sai a 1953 'yan wasan Kano suka sauko suka doke Lagos Dynamos da ci 2-1, suka zama na farko daga wajen Legas da suka tafi da kofin. A lokacin babu Pillars, zaɓaɓɓun 'yan wasan gari ne aka haɗa aka ba su sunan Kano. Kakanninmu kuwa sun riga sun daɗe a nan. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta, cinikin goro da na shanu ya zaunar da mutanenmu a Agege da Shagamu, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Kano da Ikko tun kafin nan. Wato ƙwallon Kano tarar da mu ta yi a Kudu.

Bayan wannan zamani sai na Raccah Rovers, wadda duk wani tsohon Bakano ke ambata da wata irin murya. Ita ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1977, inda IICC Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta, sannan a 1978 ta ɗauki kofin gasar ƙasa baki ɗaya. Daga baya ta dushe, Kano ta zauna babu wata babbar ƙungiya guda da gari zai taru a bayanta. Da yawa daga cikin dattawan da muke magana a kansu 'yan Raccah ne tun asali, soyayyar ce ta rasa wurin zama har Pillars ta zo ta gaje ta.

A 1990 Najeriya ta fara gasar ƙwararru, wato wadda ɗan wasa zai riƙi ƙwallo a matsayin sana'a. Kano na da ƙungiyoyi amma babu wadda za ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai, don haka aka narkar da guda uku wuri ɗaya: WRECA ta hukumar ruwa ta jihar, da Kano Golden Stars, da ƙungiyar Bank of the North. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, yana cikin waɗanda suka tsaya kan wannan aiki. Aka sa mata riga ruwan ɗorawa da kore. Kofin farko na sabuwar gasar Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ce ta ɗauka, ita ce daga baya aka sauya wa suna ta koma Heartland. A riƙe sunan nan, don za mu yi ta karo da shi a tarihin Pillars kamar maƙwabcin da ba a zaɓa ba. Shekara guda da kafuwa, a 1991, Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta hana ta. Daga nan aka shiga shekarun faɗi-tashi, sai da aka yi shekara 18 kafin a ga kofin gasa.

Yadda ake bin labari a waɗancan shekaru shi kansa ya isa a rubuta. Babu wayar hannu sai 2001. Mutum zai rungumi rediyo yana juya ta yana neman Kaduna, ko ya jira labarin wasanni na sashen Hausa na BBC, ko ya sayi jarida washegari ya ba yaro ɗan makaranta ya duba masa shafin baya. Wani lokaci direban tirelar shanu ko yaron motar tumatir ne zai kawo cikakken bayani bayan kwana biyu, wa ya ci, wa ya ɓarar, me alƙalin wasa ya yi. Labarin yakan iso tare da saƙon gida, da yaji da daddawa da wasiƙar iyali. Shi ya sa har yau in dattijon nan ya tambayi baƙon da ya sauko daga Kano, bayan "ya mutan gida" tambaya ta biyu ita ce "ya Pillars".

Kirarin ƙungiyar kowa ya san shi: Sai Masu Gida. A Kano ma'anarsa a fili take, kuma an tabbatar da ita a fili. Daga watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta yi nasara a Kano, babu ƙungiyar da ta sake zuwa ta doke Pillars a gida a gasar ƙasa har watan Agustan 2015, sa'ad da Nasarawa United ta ci 2-1. Shekara 12, wasa 202. Ba za mu ɓoye ba, gasar Najeriya ta yi suna wajen cewa mai gida ba ya faɗuwa a gidansa, kuma kowa ya san irin matsin da alƙalan wasa ke shiga a filaye da dama, Arewa da Kudu. Duk da haka sauran ƙungiyoyi su ma suna da gidajensu da nasu 'yan kallo, kuma an sha zuwa an doke su a cikin shekarun nan. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha ranar babban wasa, ya ga yadda ake cika tun kafin azahar, ya san wani ɓangare na sirrin.

To amma ga inda labarinmu ya bambanta da na mutanen Kano. Su sun yi shekara 12 ba su ga an doke ƙungiyarsu a gabansu ba. Mu kuwa Pillars ɗin da muke gani ita ce ta waje, wadda ta kwana a hanya, ta sauka daga mota ƙafa a kumbure, ta shiga filin Aba ko Owerri ko Fatakwal ko Adamasingba inda dubban mutane ke yi mata ihu. Wannan Pillars ɗin ta fi saba da a doke ta da ɗaya mai ban haushi, in an yi sa'a a tashi canjaras. Mutumin Sabo ya rufe shagonsa, ya yi asarar cinikin yamma, ya zauna a wani lungu na fili da 'yan uwansa ƙalilan, ya ce "Sai Masu Gida" a garin da shi kansa ake ce masa baƙo ko da a nan aka yanke masa cibiya, sannan ya koma gida maƙwabcinsa na yi masa tsiya har mako ya zagayo. Shekara ta dawo ya sake zuwa. A ganinmu wannan goyon baya ya fi na mai zuwa kallon nasara nauyi, kodayake mun san mutanen Fagge da Ƙofar Mata ba za su yarda da mu ba.

Ba kuma Kanawa kaɗai ba ne. A Arewa Bakatsine na da Katsina United, mutumin Bauchi na da Wikki Tourists, na Borno na da El-Kanemi, tsofaffin Kaduna na tuna Ranchers Bees, kuma in an haɗu ba a raga wa juna. Amma a nan Kudu in Pillars ta zo, sai ka ga Basakkwace da Bazazzagi da Banufe duk a layi ɗaya. Bazazzagin zai yi ta tsokanar Bakano daga tasha har fili, ya ce shi rakiya kawai ya yi, in aka ci ƙwallo kuma shi zai riga kowa tsalle.

Hakurin ya fara biya a 2008, lokacin da Kadiri Ikhana ya jagoranci ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko, Heartland na biye da ita. Shekarar da ta biyo baya ita ce har gobe ake ba da labari. A gasar zakarun Afirka ta 2009 aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, ƙungiyar da ta fi kowace yawan ɗaukarsa a nahiyar. An yi 1-1 a wasan farko, kowa ya ce shi ke nan, a Alƙahira za a ƙarasa su. Aka je Alƙahira aka tashi 2-2, ƙa'idar ƙwallon waje ta fitar da Al Ahly. A lura, wannan ma a baƙunci aka yi shi. A zagayen rukuni Pillars ta haɗu da Al-Hilal da Al-Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, ta ƙare a saman rukunin. Sai wasan kusa da na ƙarshe ya zama na 'yan gida ɗaya, da Heartland. A Owerri aka zuba wa Pillars huɗu ba ko ɗaya, aka dawo Kano aka ƙara mata ɗaya. Mutanenmu na Ama Hausa a Owerri su suka fi kowa sanin ɗacin wannan rana, don su ba su da inda za su gudu, washegari dole su buɗe shago a tsakiyar masu murna. Heartland ɗin ma ba ta ɗauki kofin ba, TP Mazembe ta Kwango ta hana ta.

A kakar da ta biyo baya wani yaro siriri mai gudu kamar iska, Ahmed Musa, ya ci ƙwallo 18 a gasar, adadin da a lokacin babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Sauran labarinsa samari sun fi mu saninsa. Abin da ba su cika sani ba shi ne bayan tafiyarsa ne ƙungiyar ta yi zamaninta mafi ƙarfi: kofi a 2012, kofi a 2013, kofi a 2014, biyun farko a hannun Mohammed Babaganaru, na ukun a hannun Okey Emordi. Kafin nan Iwuanyanwu da Enyimba ne suka taɓa jera uku. Zamanin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali da ake kira Pele, da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai. A Afirka dai ba a sake maimaita 2009 ba, kullum da wuri ake dawowa.

Hanyar da ƙungiyar ke bi ta zo mana ita ce hanyar da mu ma muke bi mu je gida, kuma abin da ke samunmu a kanta ya same ta. A watan Maris na 2015, 'yan wasan na kan hanyar Owerri don buɗe kaka da Heartland, 'yan fashi suka buɗe wa motarsu wuta a tsakanin Abuja da Lokoja. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed. Duk wanda ya taɓa hawa motar dare daga Kudu zuwa Kano ya san wannan yanki, ya san addu'ar da ake yi in an doso shi. Ranar ba a yi zancen ƙwallo a rumfunanmu ba, jaje aka yi ta yi wa juna kamar 'yan uwa na jini aka harba. Watanni biyar bayan haka tarihin gida na shekara 12 ya karye.

Akwai wani abu da ya kamata mu da ke zaune a garin mutane mu riƙe. Masu Gida ba ta taɓa zama ta Hausawa zalla a cikin fili ba. Afelokhai mutumin Edo ne. Junior Lokosa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da guda 19, ɗan Legas ne. Chinedu Udoji tsohon kyaftin ɗin Enyimba ne kafin ya koma Kano, kuma a watan Fabrairun 2018, bayan wasan da aka yi da tsohuwar ƙungiyarsa aka zaɓe shi gwarzon wasan, ya rasu a haɗarin mota a cikin birnin Kano a daren. Kano ta yi jimaminsa kamar ɗan gari. 'Ya'yan Kudu sun je can sun ci abinci sun zama 'yan gida, kamar yadda mu muka zo nan. In maƙwabci ya ce mana Pillars ƙungiyar ƙabila ce, sunayen nan sun isa amsa.

Shekarar 2018 ba ta gama da mu ba. A watan Oktoba aka yi wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a filin Stephen Keshi da ke Asaba, da Enugu Rangers. Pillars ta ci uku ba ko ɗaya. Mutanenmu na Asaba da Onitsha sun fara kiran gida ana taya juna murna, wasu sun fara lissafin inda za a yi walima. Saura kamar minti goma sha biyar a tashi Rangers ta farke ɗaya, ta ƙara, ana dab da busa tashi ta cike ta uku, a bugun fenareti ta tafi da kofin. Har yau in kana son ka ɓata wa tsohon ɗan Pillars rai, ce masa Asaba kawai. Allah da ikonsa, shekara na zagayowa, a 2019, ƙungiyar ta sake kai wa wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ta yi canjaras ba ci da Niger Tornadoes, ta ɗauki kofin a fenareti 4-3 ƙarƙashin Ibrahim Musa Jugunu. Shekara 66 ke nan tun na 1953.

Amma a tsakanin Asaba da Kaduna akwai Agege, kuma ba za mu tsallake ta ba don a ƙofar gidanmu aka yi. A watan Yunin 2019 aka kawo wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara filin Agege. Pillars ba ta taɓa samun gida a Kudu irin wannan ba, unguwar mutanenmu ce, fili ya cika da ruwan ɗorawa. A wasa da Rangers aka tashi 1-1 bayan fenaretin da aka ba Rangers a ƙarshe, kyaftin Rabi'u Ali ya tunkari alƙalin wasa, wasu 'yan kallo suka ɓalle suka shiga fili, aka yi jifa. Hukumar gasar ta ci tarar ƙungiyar Naira miliyan 8, ta dakatar da kyaftin wasa 12. Enyimba ta ɗauki kofin, Pillars ta zo ta biyu. Motar ƙungiya ta koma Kano, waɗanda suka zo daga nesa suka tafi, mu aka bari da hotunan da suka zagaya duniya da kuma maganganun da suka biyo baya a kasuwa da cikin motar haya. Wanda ya yi jifa a Agege bai rage wa Rangers maki ko ɗaya ba, mai shayin bakin titi ne ya kwana yana amsa tambaya. Dattawan da suka yi shekara talatin suna shiga filayen Kudu su fito lafiya, an ci su ko sun ci, su suka fi kowa jin kunyar ranar.

Irin wannan hali ne ya taimaka wajen kai ƙungiyar ƙasa. A kakar 2022, bayan ta daɗe tana buga wasannin gidanta a Kaduna, ta koma Kano, sai rikici ya tashi a wasa da Katsina United har aka farfasa motar baƙi. Aka cire mata maki, aka kore ta zuwa Abuja. Masu Gida ba gida. A ƙarshen kakar ta faɗa gasar 'yan dagaji bayan fiye da shekara ashirin a sama, tare da Katsina United da MFM ta Legas da, wa kuke tsammani, Heartland. A nan aka gane na gaske. Masu bin nasara suka yi shiru suka koma gidan kallo wajen Arsenal da Chelsea. Dattijon nan kuwa sai ya koma neman sakamakon wasanni da ƙungiyoyin da bai taɓa jin sunansu ba, a filayen da ko rediyo ba ta zuwa. A 2023 Pillars ta dawo, kuma a Asaba aka buga wasannin da suka tabbatar da dawowar, garin da aka yi kuka a 2018. Heartland ma tare aka hauro.

Ba mu ce samari su bar kallon Turai ba, mu ma muna kallo, kuma ƙwallonsu ta fi tamu tsari nesa ba kusa ba. Sai dai Ahmed Musa da ya buga a Rasha da Ingila da Saudiyya, ya ci ƙwallaye huɗu a gasar cin kofin duniya, ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya sake dawowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi. Rabi'u Ali ya haura shekara arba'in yana buga wa ƙungiya guda yana cin ƙwallo, yaran da aka haifa lokacin da ya fara suna ba shi fasin. Waɗannan ana iya ganinsu ido da ido da kuɗin da bai kai na cin abincin rana biyu ba.

Kuma yanzu ƙungiyar ta fi kusa da mu fiye da da. Shooting Stars na Adamasingba, taku kaɗan daga Sabon Ibadan. Remo Stars na Ikenne, kusa da Shagamu. Bendel Insurance na Benin, Rivers United na Fatakwal, Enyimba na Aba, Rangers na Inugu. A Legas kuma Ikorodu City, wadda ta hau gasar a 2024, ta riƙa karɓar baƙinta a Onikan. An rushe tsohon filin an gina sabo, an sauya masa suna zuwa Mobolaji Johnson, amma wurin dai shi ne inda ake buga wasannin ƙarshe na Kofin Gwamna a zamanin da 'yan Kano suka zo suka ɗauke shi.